Bin Sawun Ruwa: Daga Bakin Burtsatse Zuwa Moɗa

A watan Agusta na wata shekara da ba ta yi nisa ba, yara uku suka kwanta cikin mako guda a gidan yayata da ke unguwar Bolewa a Potiskum. Ƙaramar, wadda ba ta daɗe da fara rarrafe ba, aka ce haƙori ne. Na tsakiyan aka ce ya cika cin gasasshiyar masara. Da babbar ta bi sahunsu, sai bakin kowa ya mutu. Na je dubiya bayan la'asar, Yaya ta kawo mini ruwa a kofin silba, garau da shi, ga sanyin randa. Na riƙe kofin na ce, "Yaya, wannan ruwan na ina ne?" Ta ce, "Na famfo ne mana. Kai ma ka san ba ma shan na rijiya a gidan nan."

Washegari da sassafe, ni da wani yaron maƙwabta muka bi bututun daga jikin katangar gidan. Ba mu yi taku talatin ba muka ga ya nutse cikin kwata. Daidai inda aka haɗa shi da wani guntu, an naɗe mahaɗar da tsohuwar robar tayar keke, ita kuma ta riga ta saki. Baƙin ruwan kwatar ya rufe wurin ruf. Yaron ya ce idan an kawo ruwa, nan wajen tsartuwa yake yi har yara na wasa da shi. Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Ƙofar da ruwa ke fita ta cikinta idan famfo ya zo, ita ce ƙofar da ƙazanta ke shiga idan an ɗauke.

Ruwa ba ya tsami banza. Duk ruwan da ya kwantar da mutum, akwai inda ya gamu da ƙazanta a hanyarsa, kuma sau da yawa wurin yana kusa da gida, ana iya zuwa da ƙafa a gan shi da ido. Wannan jagora ta bin wannan hanya ce, daga inda ruwan ya fito har ya isa baki.

Ido ba ya auna ruwan sha

Tun muna yara aka karantar da mu a Ishmawi da sauran littattafan fiƙihu na farko cewa ana duba ruwan tsarki ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan hukuncin alwala da wanka ne, kuma yana nan daram a muhallinsa. Kuskurenmu shi ne ɗaukar ma'aunin nan mu kai shi kan ruwan sha. Ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot da atuni da shawara ba su da launi, ba su da wari, ba sa canza ɗanɗano. A Landan a 1854, famfon titin Broad ya yi suna da daɗin ruwa har wasu na aikowa daga nesa a ɗebo musu. Shi ne ya yi ajalin mutum fiye da 600 cikin 'yan makonni. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano inda suke ɗiban ruwa, ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka tono wurin, sai ga ramin bahaya bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wanda shi ne kuma ke cikin ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya mai lamba NIS 554 da hukumar SON ta fitar a 2007, ba shi da sassauci: kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya cikin mililita 100 na ruwa. Ita wannan ƙwaya a hanjin mutum da na dabba take zama. Ganinta a ruwa shaida ce cewa kashi ya shiga, kuma inda kashi ya bi, kwalara ma za ta iya bi. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a ƙasar nan, fiye da 3,500 suka rasu, akasarinsu a Arewa, Yobe kuma tana cikin jihohin da abin ya taɓa. A 2017 wata shawara da ake kira hepatitis E ta ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta Borno, ita ma ta ruwa, kuma mata masu juna biyu ta fi yi wa ɓarna.

Mafari: rijiya da burtsatse

Fara da tsayuwa a bakin rijiyar ko burtsatsen da kuke sha, ka juya ko'ina ka tambayi kanka: mene ne ke zuba a ƙasa a nan kusa? Masana duwatsu suna kiran shimfiɗar da ke ƙarƙashin yankinmu Kerri-Kerri, daga sunan Karekare, kuma yawancinta yashi ne da dutsen yashi. Yashi na tace ruwa, amma sai an ba shi tazara. Shi ya sa ma'aikatan ruwa suka tsaya a kan mita 30 tsakanin masai da rijiya, wato kamar taku arba'in na babban mutum, kuma gindin ramin masai ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. Masai kuma ya zauna ta gangare, rijiya ta tudu.

Na san abin da mutumin tsohuwar unguwa zai ce. A Bolewa ko Hausawa ko Dogo Tebo, ina gidan da ke da filin taku arba'in? Gado ya raba gidaje, kowane sashe ya haƙa nasa masai. Kai ka nisanta naka daga rijiyarka, amma na maƙwabcinka na bayan katanga, taku biyar kacal. To, gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce: irin wannan rijiya ta wanki da wanka ce. Idan dole ta sa a sha, a ɗauka cewa gurɓatacciya ce kullum, a riƙa yi wa ruwanta magani kullum, ko da kakanni sun sha ta lafiya. A zamaninsu masai nawa ne a layin?

Sai dabbobi. Garin da ke da kasuwar shanu irin tamu, wadda kowace Laraba take cika ta batse, kuma kusan kowane gida akwai turke, bai kamata ya raina kashin dabba ba. A watan Mayu na 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a Kanada, mai mutum wajen 5,000, ruwan sama mai ƙarfi ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa cikin ɗaya daga rijiyoyin da ke ba garin ruwa. Masu kula da ruwan ba sa zuba kulorin yadda ya kamata, kuma suna cike takardun awo da lambobin da ba su auna ba. Mutum 7 suka mutu, fiye da 2,000 suka kwanta. Ƙasa ce mai kuɗi da kayan aiki, amma kashin saniya da sakacin awo suka haɗu suka kayar da gari. Don haka turke da kwamin shayar da dabbobi su yi nesa da bakin ruwa, a kewaye wurin ko da da ƙaya ne.

Bakin rijiya ya ɗaga sama da ƙasa kamar zuwa ƙugu, da murfi mai rufuwa. A zagaye shi da daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya zuwa biyu, mai gangara waje, da 'yar hanyar da za ta kai ruwan da ya zube can nesa. Durƙusa ka duba daɓen da kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsaga mai faɗin tsinke ta isa ta mayar da ruwan wanki da na ƙafafun mutane cikin rijiya. Guga ta zama guda ɗaya ta rijiyar, a rataye ta da igiyarta a kan maratayi. Rijiyar da kowa ke zuwa da tasa gugar, yana yar da igiya a cikin caɓi, ƙazantar gida ashirin take sha a yini.

Burtsatse ya fi rijiya tsaro saboda zurfinsa, amma zurfin ba ya amfani idan ba a toshe wuyansa ba. Tsakanin bututun da aka zura da bangon ramin akwai sarari, kuma ƙa'ida ita ce a cike 'yan mitocin sama da kwaɓaɓɓen siminti. Mai haƙan da ke son rage kuɗi nan yake fara tsallakewa, domin ba wanda zai gani. Idan za ka haƙa, ka tsaya a kansu ranar da za a yi wannan aikin. Alamar burtsatsen da ba a toshe ba ita ce ruwansa ya yi duhu-duhu kwana ɗaya ko biyu bayan an tafka ruwan sama. Kada kuma a mayar da matacciyar rijiya juji ko masai. Kai tsaye take kai ƙazanta ga ruwan da duk unguwa ke sha. A cike ta da ƙasa mai tsabta, a rufe da siminti.

Idan ambaliya ta shiga rijiya, ko dabba ta faɗa ta mutu, ko an gama yasa, sai an wanke ta da kulorin mai ƙarfi. Ana amfani da garin kulorin da ake kira HTH, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. A fara sanin yawan ruwan. Rijiya mai faɗin mita 1.2 tana ɗaukar lita 1,100 da 'yan kai a kowace mita ta zurfin ruwa, don haka mai ruwa mita 3 tana da wajen lita 3,400. A auna giram 80 na garin ga kowace lita 1,000, a narkar a bokitin roba, a bari farin gari ya kwanta, a zuba ruwan saman, a motsa da guga. A rufe ta kwana. Da safe a yi ta kwashewa ana zubarwa har warin ya koma kaɗan. Kada kowa ya shiga rijiya bayan an zuba maganin, kada kuma a taɓa saukar da injin jan ruwa mai fetur cikin rami ko a ajiye shi inda hayaƙinsa zai gangara, domin hayaƙin kisa yake yi ba tare da gargaɗi ba.

Bututu da tanki

Bututun da ke cike da ruwa dare da rana yana kare kansa, domin ƙarfin ruwan waje yake turawa. Namu kuwa zuwa yake yana ɗaukewa. Da zarar an kashe inji, ruwan da ya rage sai ya gangara baya, ya bar bututun yana zuƙa kamar mai shan fura da tsinken roba. Duk wata ɓula da ke kwance cikin kwata a wannan lokaci, baki ce. Abin da ya faru a gidan Yaya ke nan.

Saboda haka ka bi naka bututun da ƙafa, daga gida har inda ya haɗu da babban layi, sau biyu: ranar da akwai ruwa, don ka ga inda ke tsartuwa ko inda ƙasa ta jiƙe ba dalili, da ranar da babu, don ka ga inda yake kwance cikin ƙazanta. Inda ya zama dole ya tsallaka kwata, a ɗaga shi sama da bakinta, a zura shi cikin wani bututun ƙarfe mai faɗi, kada kuma mahaɗa ta faɗo a daidai wurin. Ɗaurin roba da leda ba gyara ba ne. A yanke wurin a sa soket da gam. Abin da ya shafi babban layi kuma a kai rahotonsa ofishin Hukumar Ruwa ta Jihar Yobe a rubuce, da sa hannun mai unguwa da na magidanta, a riƙe kwafi. Takardar mutum ashirin ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi.

Akwai halaye biyu da mu da kanmu muke ƙara ɓata lamarin da su. Na farko, haƙa rami a ƙofar gida a yanke bututu a ƙasa don ruwan ba ya iya hawa famfo. Ramin nan da damina kududdufi ne, bakin bututun kuma a buɗe yake cikinsa. In ba makawa, a gina ramin da bulo, a ɗaga bakinsa, a sa kan famfo mai rufuwa da murfi. Na biyu, ɗaura injin zuƙo ruwa kai tsaye a jikin layin gwamnati. Mai injin ya cika tankinsa, amma ya ƙara wa layin zuƙa, ya jawo wa kansa da maƙwabtansa ruwan kwata. Kuma duk ranar da aka kawo ruwa bayan ɗaukewa, na farkon ba na sha ba ne. A bar shi ya zuba na 'yan mintuna, a tara don ban ruwan shuka ko wanke tsakar gida.

Yawancin unguwanni yanzu da burtsatsen 'yan kasuwa da na masallatai da na sadaka suke rayuwa, kowanne da baƙaƙen tankunansa a sama. Yaushe rabon da wani ya hau ya leƙa? Na taɓa hawa na wani masallaci, na tarar murfin ya ɓace tun iskar bazara, an rufe da guntun kwano da dutse. A ciki akwai gansakuka, da laka mai kaurin yatsa biyu, da kashin tsuntsaye a gefen baki. A wanke tanki aƙalla sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta: a zubar da ruwan, a goge da burushi, a ɗauraye, a cika da ruwa mai kulorin irin ma'aunin rijiya, ya kwana, a zubar.

Mai burtsatsen da ke sayar wa jama'a ruwa ya kamata ya riƙa sa kulorin na yau da kullum, kuma ba da ka ake yi ba, domin kowane ruwa da irin abin da yake ci. Ga yadda ake ganowa. A narkar da giram 15 na HTH, wato cokalin cin abinci ɗaya a shafe, cikin lita ɗaya ta ruwa. Wannan shi ne uwar magani. A jera bokitan roba huɗu, kowanne da lita 10 na ruwan tankin. Da sirinji marar allura a sa wa na farko mililita 1, na biyu 1.5, na uku 2, na huɗu 2.5. A motsa, a jira minti 30. Sai a auna kowanne da 'yar na'urar awon kulorin, wadda ake jefa wa ƙwayar DPD ruwan ya koma ruwan hoda a gwada da jadawalin launi. Bokitin farko da ya nuna miligiram 0.5 a lita shi ne ma'auninka. Idan na biyu ne, tanki mai lita 5,000 zai ci mililita 750 na uwar maganin a kowane cikawa. Abin da ake nema shi ne ruwan ya isa gidan mai saye da saura tsakanin 0.2 da 0.5, don wannan sauran ne ke gadinsa a jarka. A ajiye uwar maganin cikin roba mai duhu a inuwa, a sabunta ta duk mako, a sake gwajin idan damina ta sauka. Garin kuma a nisanta shi daga danshi, da fetur, da hannun yara.

Kurar mai garuwa

Ba don 'yan garuwa ba, da rabin garin nan bai yi girki ba. Mutum ne ke tura kura mai jarka goma ko goma sha biyu, kowace lita 25, cikin ranar Afrilu. Ba na son a mayar da su abin zargi. Amma jarkar da ta shekara ba a wanke cikinta ba, haska ta da tocila ka gani: kore shar. Murafe sun ɓace, ana toshe baki da leda ko tsumma, tiyon cikawa kuma a ƙasa yake kwana.

Na tambayi wani dattijo da ke kawo mana ruwa, "Baba, yaya kuke wanke cikin jarkokin nan?" Ya ce, "Ɗana, hannu ba ya shiga. Sai dai mu ɗauraye." Hanyar kuwa mai sauƙi ce: tsakuwa ƙanana masu tsabta cike da hannu, ɗan omo da ruwa kaɗan, a girgiza sosai, a ɗauraye, sannan a zuba ruwa mai ɗan bilic a jujjuya ya taɓa ko'ina, a bar shi rabin awa. Sau ɗaya a mako ya isa. Idan kana da mai garuwa na dindindin, saya masa murafe da bilic ɗin, ka kuma san burtsatsen da yake ɗebowa. Kuɗin bai kai na ledar ƙarin ruwa ɗaya a asibiti ba.

Cikin gida, inda aka fi yin asara

Ko ruwa ya iso lafiya, randa na iya ɓata shi. Zauna a tsakar gida ka kalli moɗa na awa ɗaya. Yaro ya fito daga bayi ya ɗauka, ya nutsa ta har wuyan hannu. Ya sha, ya mayar da sauran. Ta faɗi ƙasa, kaza ta taka, wani ya ɗauka ya ɗora kan murfi. Maganin wannan shi ne hannu da baki su daina haɗuwa da ruwan da ke ajiye. A samu moɗa mai dogon mariƙi da ke rataye, ta ɗiba kawai, a zuba a wani kofi a sha. Wanda ya fi wannan, randa mai ƙaramin baki da aka sa wa kan famfo a gindi, ko bokiti mai murfi da famfo. A raba randar sha da ta aiki, a ɗora ta sha a kan abin da ya fi ƙarfin mai rarrafe, a wanke ta duk bayan kwana biyu ko uku maimakon a yi ta ƙari a kan tsohon ruwa. Sabulu kuma ya zauna kusa da buta a ƙofar bayi.

Idan ruwan ya zo da duhu, sai an fara kwantar da shi, don laka na cinye kulorin tana kuma ɓoye ƙwayoyin cuta. Alif, wanda mata suka fi sani da alimun, ɗan guntu ake juyawa cikin ruwan na ɗan lokaci a cire. In ya yi yawa ruwan zai yi tsami. Ƙwayar zogale ma tana yi: a ɓare busasshiya, a daka lukui, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya, a dama da ruwa kaɗan a zuba, a juya da sauri na minti ɗaya, a hankali na minti biyar, a bari awa guda, a tsiyaye na sama. Sai tacewa da ƙyalle. Manyanmu sun tuna yadda matacin ƙyalle ya taimaka wajen korar kurkunu, yaƙin da Janar Yakubu Gowon ya zaga ƙauyuka dominsa, har aka tabbatar wa Najeriya rabuwa da cutar a Disambar 2013. A Bangaladash kuma an gwada tsohon zanen mata da aka ninka huɗu, ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi. Amma a riƙe wannan da kyau: alif da zogale da ƙyalle share fage ne. Ruwan ya yi haske, bai gama zama na sha ba.

Kashe ƙwayoyin hanya uku ne. Tafasawa ita ce mafi tabbas: ruwan ya tafasa yana birkitawa na minti ɗaya cikakke, ya huce cikin tukunyar a rufe. Tsadar gawayi da gas ta sa ba kowane gida zai iya kullum ba, don haka a fifita na jarirai da masu ciki da tsofaffi da marasa lafiya. Ta biyu kulorin. Ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 na yi wa lita 20 na ruwa mai haske, a jira minti 30. Maganin WaterGuard kuwa, a bi abin da aka rubuta a jikin robarsa. In babu su, bilic na wanki irin su Jik da Hypo zai yi, da sharaɗin ya zama zalla, marar turare da sabulu, kuma an rubuta kashi 3.5 a jikinsa: mililita ɗaya da rabi da sirinji ga jarka mai lita 25, ninki biyu idan ruwan bai yi haske sosai ba, a girgiza a jira rabin awa. Ɗan warin da za ka ji alama ce maganin ya wadata. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai, iskar da ke tashi guba ce. Ta uku rana, wadda Allah Ya hore mana kyauta: gorar roba fara mai haske da ba ta wuce lita 2 ba, a cika da ruwa mai haske, a kwantar kan kwanon rufi awa shida. Ranar hadari ko hazon hunturu, kwana biyu.

Fiya wata ta leda ma ba ta kuɓuta daga tambaya ba. Duba lambar NAFDAC da adireshin masana'anta, ka guji wadda ta daɗe a rana ko take da ɗanɗanon leda, ka kuma wanke kusurwar kafin ka kai baki, don hannu nawa ta bi kafin naka.

Abin da wuta ba ta kashewa

Tafasawa da kulorin ƙwayoyi masu rai suke kashewa. Ba sa taɓa sinadaran da suka narke a ruwa. Naitiret, wanda ke tsatsowa daga masai da kashin dabbobi da takin zamani, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi tunda ruwa ne ke ƙonewa shi ya zauna. Jarirai ya fi cutarwa, yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. Wannan ƙarin dalili ne na barin jariri a kan nono zalla wata shida, ba tare da ɗura masa ruwa ba ko da ana zafi. Fuloraid idan ya wuce miligiram 1.5 yana ɓata haƙoran yara da ɗigon ruwan ƙasa. Dalma kuwa iyakarta miligiram 0.01 ce kawai a lita, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali. Duk ɗan Yobe ya san zancen ciwon ƙoda a Gashuwa da garuruwan bakin kogi, kuma masu bincike, har da na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, suna bin diddiginsa, ruwan sha na cikin abubuwan da suke aunawa.

Waɗannan sai ɗakin gwaji. Duk sabon burtsatse a kai ruwansa awo kafin a fara sha, na haya da na sadaka kuma a maimaita duk shekara, a manna sakamakon a jikin tanki kowa ya gani. Ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma da hukumar RUWASA ta jiha za su nuna inda ake kaiwa da yadda ake ɗiba. Ruwan gwajin ƙwayoyi a kwalbar da suka bayar ake zuba shi, a sa cikin ƙanƙara, ya isa a ranar. Akwai kuma 'yar kwalbar gwaji mai araha da kwamitin unguwa zai iya ajiyewa: a cika ta, a rufe, a ajiye a ɗaki, idan ta koma baƙa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, to a ɗauka ƙazanta ta shiga.

Idan kuma an riga an kamu, gudawa kamar ruwan shinkafa na iya ƙarar da babban mutum cikin awoyi. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, wato ORS, tun a gida, ana shirin tafiya asibiti. In babu na leda, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato fiya wata biyu, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, mai shan nono a ci gaba da ba shi. Idan gida biyu ko uku a layi ɗaya suka kamu a mako guda, a gaya wa ma'aikatan lafiya a ranar, a faɗa musu inda kowane gida ke samun ruwa, kowa kuma ya koma tafasawa ko sa kulorin har a gano bakin zaren.

Yaran Yaya sun tashi, alhamdu lillahi, ko da yake ƙaramar sai da ta kwana biyu ana yi mata ƙarin ruwa. Magidanta shida na layin suka yi karo-karo aka ɗaga bututun, aka zura shi cikin na ƙarfe. Bokiti mai famfo da na kai mata ta mayar da shi na wanke hannu, ta ce ita ba za ta sha ruwa mai ɗumi ba alhali tana da randa, sai da aka samo mai ginin tukwane ta yi mata wata mai ƙaramin baki da gurbin famfo. Bana kafin ruwan farko na sake bin layin da ƙafa. Gyaranmu na nan lafiya. A ƙofar gida na huɗu kuwa na tarar da sabon reshe da wani ya ja, kwance cikin kwata, an ɗaure shi da baƙar leda. Na yi sallama, aka ce maigidan ya tafi kasuwar shanu, sai na bar saƙo cewa zan dawo bayan magariba da soket da gam.